Man ƙanshi na tsirrai cikin abincin sagarar kaza

Ran nan wata uwargida cikin masu zuwa karatu ta zo aji da ɗan ƙunshin gari mai ƙanshin kanumfari. Wurin masu saida abincin kaji ta saye shi, an ce mata yana sa kaji girma. Kaji 40 gare ta, irin na Turai masu ƙwai, watansu 2 da ƙyanƙyasa, kuma da kuɗin adashe ta saye su. Ta ce: "Malam, abin ga gaskiya ne, ko ko kuɗina ne nike zubarwa?" Darasinmu na yau amsar tambayar ga ne.

Mine ne man ƙanshi?

In ka murza ganyen na'ana'a, ko ka ɓare lemu, sai ƙanshi ya kama maka hannu. Wani ɗan mai ne da ke cikin tsiron ke ba da ƙanshin nan. Ba irin man gujiya ba ne. Shi wannan in an bar shi a buɗe sai ya bi iska. A takardar da ke jikin kwalba ko ƙunshi, da Faransanci ana rubuta shi "huiles essentielles".

Ga yadda ake fidda shi. Ana zuba ganye cikin babbar tukunya, a sa tururin ruwan zafi ya ratsa shi. Tururin ya ɗauki man, ya bi ta cikin bututu mai sanyi, ya koma ruwa. Man sai ya rabu da ruwan, a kwashe. Kilo 100 na ganye bai cika ba da fiye da lita 1 ko 2 ba. Shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma yake da ƙarfi ƙwarai.

Tsirran da aka fi amfani da su don kaji su ne kanumfari, kirfa, tafarnuwa, citta, na'ana'a, da wasu ganyaye biyu na ƙasashen bakin Bahar Rum, origano da tayim. Kowa ya san mai ciwon haƙori kan danna kanumfari a wurin. Abin da ke kwantar da zogin, shi ne man da muke magana.

Mi ya sa anka fara sa ma kaji shi?

Wajen shekarar 1950, a Amurka, masana sunka lura in ana zuba ma kaji ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin abinci kullum, suna saurin girma. Manyan masu kiwo sunka rungumi dabarar shekara da shekaru. Daga baya illa ta fito. Ƙwayoyin cutar sun saba da maganin, sun daina jin shi. Ran da mutum ya kwanta ciwo, a ba shi irin maganin nan, ya ƙi ci.

Ƙasar Suwidin ta hana wannan al'ada a 1986. Ƙasashen Tarayyar Turai duka sunka hana ta daga 1 ga Janairu 2006. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a bar ba lafiyayyun dabbobi irin maganin don su yi girma. Ganin haka masu haɗa abincin kaji sunka shiga neman abin da zai maye gurbinsa. Man ƙanshi na tsirrai yana cikin abubuwan da sunka samo.

Maganar ga ta shafe mu. Da yawa cikinmu muna sayen ƙwayoyin nan ja da rawaya bisa tebur a kasuwa, mu kwance su cikin ruwan kaji, ko da kazar lafiyarta lau. Saura yana zama cikin ƙwai da nama, kuma ɗiyanmu ne ke ci. Mu bar wannan. Magani sai kaza ba ta da lafiya, kuma sai malamin dabbobi ya ce.

Aikin da yake yi

Sagara ita ce kazar da ta wuce tsako amma ba ta fara ƙwai ba. Tsakon kazar Turai giram 40 ne, ko ƙasa kaɗan, ran da anka ƙyanƙyashe shi. A sati 12 ya kamata ta kai kilo 1. A sati 18 ta kai wajen kilo 1 da rabi, daga nan ba ta daɗewa sai ƙwai. Mafi yawan ƙashinta kafin sati 12 yake ginuwa. Sagarar da ta tsumbure a lokacin nan tana makara wajen fara ƙwai, ƙwan ya zo ƙanana, ta kuma gaji da wuri.

Man ƙanshi cikin hanji yake aikinsa. Yana rage miyagun ƙwayoyin da ke sa zawo. Yana taimaka ma cikin kaza ya niƙa abinci da kyau, abin da ta ci ya zauna a jikinta. Masana sun gwada shi wurare da yawa. Wani wuri kaji sun ɗan ƙara nauyi, wani wuri ba a ga bambanci ba. Ke nan taimako ne kaɗan, ba a dogara gare shi.

Mu ɗauke shi kamar daddawa cikin miya. Daddawa na gyara miya, amma ba a kwana da ita in babu tuwo. Daga ƙyanƙyasa zuwa sati 18, sagara guda tana cin kilo 6 zuwa 7 na abinci. In dussa zalla ake ba ta, ko an juye mata kwalba guda ba za ta gina jiki ba. Sai an haɗa mata masara ko dawa da tunkuza, da garin kifi, da garin ƙashi, da ɗan gishiri. Sai ruwa mai tsabta a inuwa, wuni duka, balle da bazara. Sai sharar akurki.

Man nan kuma ba rigakafi ba ne. Annobar da ke share kajin gari lokacin ɗari, wadda malaman dabbobi ke kira Niyukasal, babu ganyen da ke tsare ta. Rigakafi kaɗai ke tsare ta. A je ma'aikatar kiwo tun kafin sanyi ya shigo.

Ƙaƙa ake sa shi?

Nan ne karatu ke da rana, don awon yana rubuce a jikin ƙunshin. Awon kaɗan ne ƙwarai. A misali, in takarda ta ce giram 200 cikin tan 1, to tan 1 kilo 1000 ne, wato buhu 20 masu kilo 50. Kowane buhu giram 10 ke nan. Wanda ya zuba da ka, ya ce gwamma ya yi yawa, ƙanshin zai yi ma kaji ƙarfi su ƙi cin abincin. Tsantsar man kuwa yana ƙone baki da maƙoshi, ba a ɗiga ma kaza shi.

Wajen haɗawa, a fara cuɗa giram 10 ɗin cikin tiya guda ta abinci. In ya bi ko'ina, a juye tiyar cikin sauran buhun, a sake cuɗawa sosai. A rufe ƙunshin, a aje shi inda rana ba ta kai, don zafi na korar man. A duba ranar da wa'adinsa ke cika. Turaren shafawa na kasuwa ba na ci ba ne, kada a kusantar da shi abincin kaji.

Sikeli shi ne alƙali

Mai saye yana iya gane gaskiya da kansa. Ga abin da munka shirya da uwargidan nan. Ta raba kajinta gida biyu, 20 nan, 20 can. Abinci guda, ruwa guda, amma kashi ɗaya kaɗai ake sa ma garin. Kowace Juma'a da safe ta auna su a sikeli, ta rubuta nauyin cikin kaye, tare da abincin da sunka ci da waɗanda sunka yi zawo. Bayan sati 6 ta duba. In ƙarin nauyin ya biya kuɗin garin, ta ci gaba. In bai biya ba, ta sa kuɗinta ga garin kifi da rigakafi.

Tambayoyi

1. Ƙaƙa ake fidda man ƙanshi daga ganye?
2. Mi ya sa anka hana zuba ma lafiyayyun kaji magani cikin abinci?
3. Kilo nawa ya kamata sagara ta kai a sati 12?
4. In takarda ta ce giram 300 cikin tan 1, giram nawa za a sa ma buhu mai kilo 50?
5. Rubuta abu 4 da sagara ke bukata kafin a yi zancen man ƙanshi.