WATA HUƊU BA TA YI SALLA BA, KUMA BA WANDA YA TAMBAYE TA



Kwanakin baya, bayan sallar Asuba a masallacinmu na nan Takur, wani bawan Allah ya jira sai da jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma tana yi mini nauyi." Matarsa ce ke fama da sankarar bakin mahaifa, jini ba ya ɗauke mata. A zatonta ba ta da tsarki, shi ya sa wata huɗu ke nan ba ta kai goshinta ƙasa ba. Ya ce cikin dare yakan ji ta tana kuka, tana cewa da bashin salla za ta koma ga Allah. Da izininsa nake ba da labarin.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Mas'alar da ke cikin Ahalari da Risala, wadda yara ke karantawa a Islamiyya, ita ce ta hana wata baiwar Allah barci. 'Yan dubiya sun yi ta shiga gidan, an kai lemo, an ce sannu, amma ba wadda ta zauna ta ce, "Yaya kike yi da salla?"

To ga hukuncin, ku isar wa mata. Jinin ciwo istihala ne, ba haila ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Fatima bint Abi Hubaish ta kai irin wannan kuka wajen Manzon Allah (SAW), ya umarce ta da ta bar salla a kwanakin al'adarta kawai. A mazhabar Malikiyya, mace za ta lissafa kwanakin da ta saba, ta ƙara 3 matuƙar jimilla ba ta wuce 15 ba, ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta ci gaba da sallarta ko da jinin na zuba. Abin da ya wuce ta rama a hankali gwargwadon iko. In tsayuwa ta gagara a zauna, in zama ya gagara a kwanta a gefe, kamar yadda aka koya wa Imrana ɗan Husaini lokacin da basur ya matsa masa. In likita ya ce kada ruwa ya taɓa wurin aiki, ga taimama. Kuma jinin da ya dawo bayan mace ta daina al'ada, a garzaya asibiti da shi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wannan tambaya ta sa na gane cewa mun taƙaita jinyar ciwon daji a kan kuɗin magani. Kuɗin kam babban abu ne. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna cewa a Najeriya sama da mutum 120,000 ke kamuwa a shekara, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Mutumin Dutse yakan fara daga asibitin Rasheed Shekoni, a tura shi asibitin Malam Aminu Kano, in ana buƙatar gashi kuma akan tura shi wurare irin su Shika a Zariya ko Abuja. Gashin nan ba na yini ɗaya ba ne, kwana 5 ake yi a mako, makonni a jere. Wa zai riƙe yara? Wa zai duba gona? A ina mai jinya zai kwana?

Amma akwai abin da ko sisi ba ya ci, mu ne muke hana shi. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano, ko tabarma, ko gaisawa. Duk da haka sai ka ga an ware wa mara lafiya kofi, an hana jikoki shiga ɗakinta. Wani kuma ya shigo dubiya ya fara, "Ai irin wannan ne ya kashe wance, wata biyu kacal." Haba ɗan'uwa! Wata ta ce sammu ne, ta jefa zargi a kan kishiya, gida ya kama da wuta. Mafi muni shi ne mai cewa wani zunubi ne ya jawo. Ina ka samo wannan? Annabi Ayyuba (AS) wane zunubi ya yi?

Mu malamai ma da namu laifin. Mukan ce "a yi haƙuri" mu tashi. Kokawa da zafin ciwo ba ya kore haƙuri, kuka ma haka. Maganin kashe zafi mai ƙarfi da likita ya rubuta ba shaye-shaye ba ne, kada a hana mara lafiya. Ruƙya kuma a yi ta, amma wanda ya ce a bar allurar kemo saboda ita, ya ɗauki alhakin rai.

Sannan ina kira ga maza. Matar da aka cire wa mama, ko gashin kanta ya zube saboda kemo, ko bayan ta warke tsoro bai bar ta ba. Ƙaramin ƙurji ya fito, gabanta ya faɗi. Lokacin ne wasu ke ƙaurace wa ɗakinta, wasu har su miƙa takarda. Ka ji tsoron Allah. Ita ce ta haifa maka 'ya'ya.

Na je gidan tare da mai ɗakina, ita ta shiga ta yi wa baiwar Allah bayani. Ranar ta yi Azahar a zaune. Mijin kuma na gano bashi ya yi masa katutu, alhali masu bashi suna cikin mutum 8 da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba zakka, shi bai ma san yana da haƙƙi ba.

Ranar Juma'a bayan La'asar za mu zauna a masallaci mu tsara masu zuwa dubiya bi da bi, maza ga maza, mata ga mata, da masu kai abinci. Wanda yake da mota kuma yana zuwa Kano a kai a kai, ya zo ya ba da sunansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.