Kiwon Kaji: Yadda Ake Maganin Fitar Baya Ga Kaza

Jama'a masu kiwo, kaza dukiya ce a gida. Da kuɗin ƙwanta uwargida ke sayen gishiri da sabulu da littafin yaro. Amma akwai wata lalura da ke iya kashe kaza mai ƙwai cikin yini ɗaya. Ita ce fitar baya.

Mece ce fitar baya?

Kaza ƙofa ɗaya gare ta a baya. Ta nan kashi ke fita, ta nan kuma ƙwai ke fita. Duk lokacin da za ta saka ƙwai, bakin hanyar ƙwan yakan ɗan leƙo waje, sannan ya koma ciki da kansa. In ya fito ya ƙi komawa, shi ne fitar baya. Za a ga jan nama a ƙarƙashin jelarta. Wani lokaci akan ga jini a jikin ƙwai.

Kaji suna son caccakar duk abin da suka gani ja. Da sun ga naman nan sai su far mata, har su jawo hanjinta. Ƙudaje kuma sukan sa tsutsa a wurin. Saboda haka ba a barin wannan lalura ta kwana.

Me ke kawo ta?

1. Budurwar kaza ta fara ƙwai tun jikinta bai ƙosa ba. Kajin gidan gona bai kamata su fara ba sai sun kai kamar mako 18 zuwa 20.
2. Ƙwai ya cika girma, kamar mai gwaiduwa biyu.
3. Kaza ta cika ƙiba, kitse ya matse hanyar ƙwai.
4. Rashin sinadarin ƙashi a abinci. Da shi ake yin ɓawon ƙwai, shi ne kuma ke ba naman jiki ƙarfin turo ƙwai da komawa.
5. Yawan yunƙuri saboda zawo ko tsutsar ciki.

Yadda ake magani

1. A ware kazar daga 'yan'uwanta nan take.
2. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu. A sami wani ya riƙe ta, a rufe mata kai da ƙyalle don ta natsu.
3. A tafasa ruwa rabin lita, a sa gishiri cokalin shayi 1, a bari ya huce ya zama mai ɗumi. A wanke naman a hankali har kashi da ƙasa su fita. A datse gashin da ya ɓaci da almakashi.
4. A taɓa cikinta a ji ko akwai ƙwai da ya maƙale. In akwai, kada a matsa, don in ya fashe a ciki zai yanke ta. A zaunar da bayanta cikin ruwan ɗumi kamar minti 15, a shafa basilin a ƙofar, a ba ta lokaci.
5. In naman ya kumbura, a barbaɗa sukari ko a shafa zuma. Su ne ke tsotse ruwan kumburin. Bayan minti 15 a ɗauraye.
6. A shafa basilin a yatsa, a tura naman ciki sannu sannu. In ya shiga, a dafe wurin na ɗan lokaci kafin a saki.
7. In ya sake fitowa, a sake wankewa a mayar. Akan yi haka sau 2 ko 3 a rana.

Kada a sa toka, ko kananzir, ko baƙin mai, ko barkono. Waɗannan ƙona naman suke yi.

Jinya

Kowane ƙwai da za ta saka zai iya sake fito da naman. Don haka ana so ta huta da ƙwai kamar mako 1. Hasken rana ne ke motsa kaza ta yi ƙwai. A ajiye ta cikin kwando a ɗaki mai duhu da iska, kada haske ya wuce mata awa 8 a rana. A shimfiɗa mata tsumma mai tsabta. A dakatar da abincin masu ƙwai. A ba ta ɗan gero ko dawa da ɗanyen ganye, da ruwa isasshe. Kada a mayar da ita akurki sai wurin ya warke sarai.

Yaushe za a nemi malamin dabbobi?

A kai masa ita in naman ya yi baƙi, ko ya yage, ko yana wari, ko ƙwai ya ƙi fita, ko an kwana 2 ana mayarwa yana fitowa. Shi zai iya yi mata ɗinki. In ya ba ta magani, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta ko namanta. In kuwa hanji ya riga ya fito, ba ta da sauran magani a gida. Gara a yanka ta tun da ranta, kada ta zama mushe.

Rigakafi ya fi magani

A soya ɓawon ƙwai, a daka, a zuba wa kaji a kasko dabam. Garin ƙashi ma yana yi. Kada a cika su da tsabar masara har su yi kitse. A yi musu wurin saka ƙwai mai ɗan duhu. Kowace safiya a duba ƙwai, in an ga jini a nemo kazar da ta saka shi. A sani kuma, kazar da ta taɓa fitar baya takan sake, sai a riƙa sa mata ido.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ware kazar da ta fitar da baya?
2. Mene ne amfanin sukari a wannan magani?
3. Don me ake ajiye ta a ɗaki mai duhu?