Darasin Uwargida: Yadda Ake Mayar da Hannun Gem Linzamin Mutum-mutumin Gasa

Darasinmu na yau ya shafi wani abu da kusan kowace uwa ta taɓa ɗaga murya a kansa, wato hannun gem, wanda yara ke ce wa fad.

Ko a Jega kike, ko Aliero, ko Maiyama, kin san yadda abin yake. Ki ba yaro kuɗin tara ya wuce da su shagon gem, ki aike shi cefane ya dawo bayan tukunya ta tafasa ta gaji. An yi faɗa, an yi duka, wasu ma sun fasa fad ɗin da taɓarya, amma washegari an koma gidan jiya. To 'yar uwa, wannan abin da yake cinye lokacin ɗanki, da shi ne 'ya'yan wasu suke tuƙa mutum-mutumi a gaban alƙalan gasa. Idan kika fahimci yadda yake aiki, za ki iya juya akalar yaron daga mai wasa kawai zuwa mai ƙira.

Wace irin gasa ce?

Mutum-mutumin gasa ba siffar mutum ba ce. Wata 'yar na'ura ce kamar akwati mai tayoyi, wani lokaci da hannun ɗaukar kaya. Ɗalibai ne suke haɗa ta da kansu, a ba su fili da aiki, kamar kwashe ƙwallaye a zuba a kwando kafin lokaci ya cika.

A gasar FIRST Tech Challenge, wadda ta samo asali daga Amurka, kowane zagaye minti 2 da rabi ne. Daƙiƙa 30 na farko na'urar ce ke tafiya da kanta bisa umarnin da aka rubuta mata, sauran minti 2 kuma ɗalibai ne ke tuƙa ta da hannun gem, irin su Logitech F310 ko na PlayStation 4. A watan Yulin 2017 aka fara wata gasar ta duniya mai suna FIRST Global a birnin Washinton, ƙasashe fiye da 150 suka hallara, har da Nijeriya. A nan ne 'yan mata 6 daga garin Herat na Afganistan suka ja hankalin duniya. Sau biyu ana hana su biza, daga baya aka bari suka shiga, suka koma gida da lambar azurfa ta jajircewa. A nahiyarmu ma akwai gasar PARC, wadda Dakta Sidy Ndao ɗan ƙasar Senegal ya assasa a Dakar. Kin ga kenan abin bai bar mata a baya ba, bai kuma bar baƙar fata ba.

Me ke cikin fad ɗin?

Ki karɓi na yaronki ki duba. Akwai maɓallai iri biyu. Na farko su ne waɗanda ake dannawa, aikinsu kunnawa da kashewa kawai, kamar makunnin fitila. Na biyu su ne guda biyun nan masu lilo da ake juyawa da babban yatsa, yara na ce musu analok. A ƙarƙashin kowane ɗaya akwai wasu 'yan na'urori biyu irin abin ƙara murya na rediyo. Ɗaya tana auna turawa gaba da baya, ɗaya tana auna hagu da dama.

Fad bai san ƙwallo ba, bai san mota ba. Lamba kawai yake aikawa. A na PlayStation 4, lambar tana kamawa daga 0 zuwa 255, idan an saki maɓallin ya tsaya a tsakiya sai ta zauna wajen 128. Na'urar gem ce take fassara lambar ta ce ɗan wasa ya ruga. Idan aka samu wata na'urar da za ta fassara lambar ta ce taya ta juya, shi kenan, fad ya zama linzami. Sirrin duka kenan.

Kayan haɗi

Abu huɗu ake bukata bayan fad ɗin.

Na ɗaya, ƙwaƙwalwa. Wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba. Sanannu su ne Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 don masu koyo, da ESP32 na ƙasar Sin da ya fito a 2016. Shi ESP32 yana da bulutut, irin wanda kike tura karatu ko hoto da shi daga waya zuwa waya, don haka yana magana da fad ba tare da igiya ba. Amma a kula wajen saye: samfurin da aka rubuta wa C3 ko S3 ba ya jin yaren fad na PlayStation 4, na asalin ake nema.

Na biyu, ƙananan moto masu juya taya, aƙalla biyu, ɗaya hagu ɗaya dama.

Na uku, allon raba wuta, kamar wanda ake kira L298N. Ƙwaƙwalwa irin ESP32 da bolt 3.3 take aiki, ba ta da ƙarfin juya moto, idan aka haɗa su kai tsaye ƙonewa za ta yi. Ita umarni take bayarwa, shi kuma allon ya saki wutar batir.

Na huɗu, batir. An fi amfani da mai lamba 18650, irin na cikin wasu fitilun caji. Kowane ɗaya bolt 3.7 ne, biyu a jere su ba da 7.4.

Gangar jikin kuwa, falanki ko roba mai kauri ya wadatar ga mai koyo.

Yadda lamba ke zama tafiya

Wajen gudu, allon ba ya rage wuta kamar yadda ake rage fitilar ƙwai. Kunnawa yake yana kashewa sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda. Ki tuna mai ban ruwan albasa a fadamar Aliero: idan ya daɗe da buɗe bakin fangali ruwa ya shiga da yawa, idan ya buɗe ya toshe da wuri kaɗan ne zai shiga. Haka moto yake, gwargwadon daɗewar kunnawa gwargwadon gudunsa.

Wajen kwana kuwa, galibin waɗannan na'urori ba su da sitiyari. Kamar garmar shanu ce a gonakin Maiyama: idan san dama ya rage tafiya na hagu ya ci gaba, garma dama za ta karkata. Akwai salon tuƙi biyu. A na farko, analok na hagu yana riƙe da tayoyin hagu, na dama yana riƙe da na dama. Ya fi sauƙin rubutawa, amma miƙe hanya da shi sai an saba. A na biyu, analok ɗaya ke ba da gaba da baya, ɗayan ya ba da kwana, ƙwaƙwalwar ta tara lambobin biyu ta ba tayar hagu, ta ɗebe ɗaya daga ɗaya ta ba ta dama. Yaran da suka saba gem ɗin tseren mota sun fi jin daɗin wannan.

Gyara huɗu da ke raba gwani da ɗan koyo

Na farko, na'ura ta riƙa rarrafe ba wanda ya taɓa ta. Dalili shi ne tsohon analok ba ya komawa tsakiya daidai, musamman idan ƙurar hunturu ta shige shi. Maganinsa a rubuta cewa duk lambar da ke dab da tsakiya a ɗauke ta a matsayin sifili.

Na biyu, a tura gaba ta yi baya. Ba aljanu ba ne. A fad da yawa turawa sama ƙaramar lamba take bayarwa, sai a juya lissafin, ko a sauya wayoyin moto biyun.

Na uku, fizga. Duk wadda ta koyi keken ɗinki ta san gudu ba shi ne gwaninta ba, iya tafiya a hankali a bakin wuyan riga shi ne aiki. Don haka ake ware maɓalli guda wanda idan an riƙe shi gudun zai ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, lokacin ɗaukar kaya ko ajiyewa.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, yankewar sadarwa. Bulutut ba ya wuce kamar mita 10, kuma a zauren da wayoyi suka yi yawa yakan yanke. Idan ba a yi tanadi ba, na'urar za ta ci gaba da bin umarnin ƙarshe har ta faɗa kan mutane. Dole a rubuta mata cewa da zarar ta daina jin fad, ta tsaya cak.

Naki aikin, uwargida

Ba a ce ki zama injiniya ba. Ga abin da ke hannunki.

Ki yi ciniki da yaron: awa guda ta gem, awa guda ta ƙira. Ki sa ya yi miki bayanin abin da ya haɗa da Hausa. In ya kasa, bai gane ba tukuna.

Ki shawarci maigida ya tuntuɓi malamin kimiyya na makarantarsu, a ji ko suna da ƙungiyar JETS ta matasa masu sha'awar ƙere-ƙere. In babu, a tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Iyaye biyar ko shida za su iya yin karo-karo, ko a ware kwasa ɗaya ta adashi, a sayi kaya saiti guda yara su yi tarayya. Dama gasar ta ƙungiya ce: wani tuƙi, wani rubuta umarni, wani ɗaurin ƙusa.

Kada a manta muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wadda aka kafa a 2006, yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Daga Jega ko Maiyama ba wata tafiya ba ce. Da wuya a rasa ɗan uwa ko 'yar unguwa mai karatun injiniya ko kwamfuta a can, da zai duba wa yara aikinsu lokacin hutu, a tsakar gida, a gaban idonki. Masu gyaran waya da rediyo na kasuwar Jega ma sun iya liƙin dalma, za su taimaka.

Ki ba 'ya mace fad ɗin ita ma. Sau da yawa ita tana wanke-wanke yayyenta maza na riƙe da shi, ga shi kuwa hannun da ya iya zare da allura ba zai kasa wayar lantarki ba.

Sai kiyaye lafiya. Batirin 18650 ba ya son zafi, ga kuma yadda bazara take a Kabi. Kada a bar shi a rana, kada a yi cajinsa a kan katifa ko tabarma, wanda ya kumbura kuma a rabu da shi, ba a cikin murhu ba. Dalmar liƙi guba ce, a yi aikin a waje mai iska, a wanke hannu kafin cin abinci, a nisanta ta daga masu rarrafe. Gwajin farko kuma a ɗora na'urar a kan bulo, tayoyi na lilo a sama.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, ki zaunar da yaranki ki yi musu tambayoyin nan uku. Me fad yake aikawa idan an tura analok? Me ya sa ba a haɗa moto da ƙwaƙwalwa kai tsaye? Me ya kamata na'ura ta yi idan sadarwa ta yanke? Wanda ya amsa biyu, a ƙara masa nama a miya. Wanda ya amsa duka ukun, to lokaci ya yi da za a fara tara kuɗin kayan haɗi.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya sa su amfani al'umma. Sai mun sake saduwa.