Yadda Tsuntsaye Ke Barbara da Hayayyafa

Duk tsuntsun duniya ta hanyar ƙwai yake haihuwa, daga jimina har tsada. Kaza ce ta fi kusa da mu, don haka da ita za mu bi matakan.

Matakin farko shi ne neman yarda. Zakara yakan sauke fiffike ɗaya yana zagaya kaza, ko ya tono tsaba ya kira ta. Namijin tattabara kuwa kumbura wuya yake yi, yana guɗa yana juyi a gaban macen. Idan kaza ta amince sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai.

Na biyu shi ne barbara. Galibin tsuntsaye ba su da gaba irin na dabbobi masu shayarwa. Namiji da mace kowanne mafita ɗaya gare shi a ƙarƙashin wutsiya, ta nan kashi ke fita, ta nan ƙwai ke fita. Zakara ya hau bayan kaza, ya kama gashin ƙeyarta da baki, ta ɗaga wutsiya, mafitun biyu su haɗu na ’yan daƙiƙoƙi, maniyyi ya shige. Agwagwa da jimina na cikin ’yan kaɗan da mazansu ke da gaba. Jikin kaza na iya ajiye maniyyin nan da ransa har mako biyu ko fiye, shi ya sa hawa ɗaya kan wadaci ƙwai da dama.

Na uku shi ne ginin ƙwai, kuma nan ne abin al’ajabin yake. Gwaiduwa takan saki daga mabuɓɓugarta ta ɓangaren hagu, wadda ita kaɗai ke aiki, ta faɗa bakin wata doguwar hanya. A nan take haɗuwa da maniyyi, tun babu farin ƙwai balle ɓawo. Daga nan farin ƙwai ya lulluɓe ta cikin kamar awa 3, sai fatar nan mai laushi, sannan ɓawo, wanda shi kaɗai yake cin kusan awa 20. Gaba ɗaya awa 24 zuwa 26 ke nan. Ko babu zakara kaza za ta yi ƙwai, amma ba zai taɓa zama ɗan tsako ba. Irinsa ne yawancin ƙwan gidan gona da ake sayarwa a kiret.

Na huɗu shi ne kwanci. Idan ƙwai ya taru, kaza takan zauna a kansa, ta riƙe shi da ɗumi kusan digiri 38, tana jujjuya shi da baki don kada ɗan da ke ciki ya manne da ɓawo. Kafin kwana 3 zuciyarsa ta fara bugawa. Idan aka haska ƙwan da tocila cikin duhu bayan mako guda, mai rai zai nuna jijiyoyin jini, wanda babu su a cikinsa kuwa baragurbi zai zama. Kaza kwana 21 take yi, zabuwa 26 zuwa 28, tattabara wajen 18, jimina 42. Tattabara ƙwai biyu take yi, kuma karɓa-karɓa suke kwanci: namiji da rana, mace da dare.

Na ƙarshe shi ne ƙyanƙyasa. Ɗan tsako yakan fasa ɓawo da wani ɗan tsini da ke kan bakinsa, ya fito, ya bushe, ya bi uwa kiwo. ’Yan shila kuwa kusan tsirara suke fitowa, ido a rufe, iyayen biyu na ɗura musu wani farin abu mai kauri da suke amayowa.

Don haka mai kiwo ya kiyaye: zakara ɗaya mai lafiya ga kaji kamar goma, akurki busasshe, ruwa da tsaba kusa da mai kwanci, kuma a hana yara ɗaga ta daga kan ƙwanta.