Ire-iren Mulki Da Ma'aunin Da Musulunci Ya Ajiye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wani ɗalibina a nan Romi ya tambaye ni, cikin mulkin sarauta da na soja da na farar hula, wanne ne Musulunci ya yarda da shi? Na ga ya kyautu in amsa masa a wannan fili, domin amfanin masu karatu baki ɗaya.

Masana sun kasa mulki gida uku, gwargwadon wanda iko yake hannunsa. Akwai mulkin mutum ɗaya, kamar sarki. Akwai na 'yan tsiraru, kamar majalisar soja. Akwai kuma na jama'a, inda suke zaɓen wakilansu, wato dimokuraɗiyya. Kowanne cikinsu yakan rikiɗe ya zama kama-karya idan babu mai tsawata wa shugaba.

Mu a Kaduna mun ɗanɗana dukkansu. Daga 1960 an yi tsarin firayim minista irin na Ingila, Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiyan Arewa, majalisa tana zama a Lugard Hall. Soja suka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966, suka riƙe ƙasa har 1979, sa'ad da aka ɗauko tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. A ƙarƙashinsa ne majalisar jihar Kaduna ta tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981. Soja suka dawo a ƙarshen 1983, ba su sauka ba sai 1999.

To, ina Musulunci ya tsaya? Sai mu dubi Halifofi shiryayyu. An yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a bayan shawara a rumfar Banu Sa'ida. Shi kuma ya ayyana Umaru. Umaru ya bar al'amarin ga mutum shida, aka fitar da Usmanu. Aliyu kuwa mutanen Madina suka yi masa mubaya'a. Hanyoyi huɗu ke nan daban-daban, sahabbai suka karɓe su duka. Wannan ya nuna shari'a ba ta ƙayyade hanya ɗaya ta naɗa shugaba ba. Abin da ta ƙayyade shi ne ma'aunin da za a auna shi da shi. Suratu Nisa'i aya ta 58 ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci. Suratu Shura aya ta 38 ta yabi muminai da yin shawara a tsakaninsu.

Malamanmu na Sakkwato sun bayyana wannan filla-filla. Jama'a ce ta yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a Gudu a 1804. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan zamaninsa da hawa gadon mulki ta gādo da ƙarfi ba da shawara ba, da ɗora wa talakawa haraji wanda shari'a ba ta sani ba, da karɓar gaisuwa. Ya kuma kafa mulkin kirki a kan abubuwa biyar: kada a ba da shugabanci ga mai nemansa, a lizimci shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kyautata wa jama'a. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin shiryar da mahukunta a kan wannan tafarki.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, kada suna ya ruɗe ka. Sarki mai adalci da shawara ya fi kusa da shari'a bisa ga zaɓaɓɓen da ya cinye baitulmali. Amma wanda ya ƙwaci mulki da bakin bindiga, ya rufe majalisa, ya rushe rukunin shawara tun daga ranar farko. Falalar zaɓe ita ce yana ba talaka damar sauke azzalumi ba tare da zubar da jini ba.

Sai dai wannan dama nauyi ne a wuyanmu. Ƙuri'a shaida ce da kake bayarwa cewa wane ya cancanci amana. Wanda ya sayar da ita a kan atamfa ko mudun shinkafa ya yi shaidar zur, ita kuwa tana cikin manyan zunubai. Haka wanda ya zaɓi maha'inci don kawai ɗan garinsu ne. A unguwa irin tamu, inda Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, adalcin da ake nema daga shugaba na kowa ne, domin ayar Suratu Nisa'i ta ambaci hukunci ne tsakanin mutane, ba ta ware kowa ba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ikon gane su. Amin.