Lantarki Daga Hasken Rana: Abin Da Ya Kamata Maigida Ya Sani

Garuruwan Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, suna cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Nijeriya. A can faifan sola yakan sami rana mai ƙarfi kamar awa biyar zuwa shida kowace rana. Amma magidanta da yawa sun kashe dukiya sun ɗora faifai bisa rufi, kafin shekara biyu batir ya mutu, gida ya koma duhu. Galibi rashin lissafi ne da rashin kula ke jawo haka.

Yadda Kayan Ke Aiki

An ƙera faifan sola irin na yanzu a Amurka cikin 1954. Shi ke juya haske ya zama lantarki. Daga nan wuta ta bi ta na'urar daidaita caji ta shiga batir, inda ake ajiye ta domin dare. Inbata kuwa ita ke juya wutar batir ta dace da kayan gida.

Lissafi Kafin Saye

Lalle ne maigida ya ƙidaya bukatarsa tukuna. Misali, ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa shida sun ci wat-awa 240. Fanka mai wat 60 ta awa takwas, 480. Talabijin mai wat 50 na awa huɗu, 200. In an haɗa da cajin waya, jimla ta kusa 1,000. Faifai mai wat 300 da batir mai bolt 12, amfiya-awa 200, sun isa wannan. Dutsen guga da hita ba su cikin lissafin, don cinsu ya fi ƙarfin ƙaramin tsari.

Ƙura Da Zafi

A ɗora faifai yana fuskantar kudu, a jirkice kaɗan, inda inuwar dalbejiya ko ta tankin ruwa ba ta taɓa shi. A bar tazara tsakaninsa da kwano domin iska, gama zafin bazara yana rage ƙarfinsa. A ɗaure shi tam saboda guguwar farkon damina. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura takan lulluɓe gilashin. A goge shi kowane mako da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin ya yi zafi.

Batir kuwa a ajiye shi a inuwa, nesa da yara da murhu. In mai ruwa ne, kada a zuƙe fiye da rabin cajinsa, kuma tataccen ruwa (distil) kaɗai za a ƙara masa, ba na rijiya ba.

A ƙarshe, a nemi ƙwararren mai haɗa wuta, a karɓi rasit da takardar garanti. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.