DARASIN NOMA: BAN RUWA DA TAKI GA DASHEN DA AKA RENA CIKIN DUSAR ƁAWON KWAKWA

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu sun soma renon irin tumatir, attarugu da tattasai a ɗaki ko a baranda, cikin farantai masu ramuka, da dusar ɓawon kwakwa wadda 'yan kasuwa ke kira kokopit. Kukan da muke yawan ji guda ne: iri ya tsiro da kyau, bayan mako biyu sai ya yi yaushi, ya koma rawaya, ya mutu. Ingantaccen iri yana da tsada, kuma wanda ya rasa dashensa ya rasa lokacin shuka. Saboda haka ya kamata mu fahimci abin da muke aiki da shi.

Mene ne wannan dusa?

Ita ce garin da ke zubowa sa'ad da ake tsefe zaren ɓawon kwakwa. Indiya da Siri Lanka su ne kan gaba wajen sarrafa ta, suna matse ta kamar bulo. Bulo mai kilo 5, in ya sha ruwa, yakan kumbura ya ba da fiye da lita 60. Abu uku za mu riƙe game da ita. Tana riƙe ruwa ƙwarai. Ba ta da abincin da zai ishi tsiro, domin ita ba ƙasa ba ce. Kuma wadda ba a wanke ba tana zuwa da gishiri da fotashiyam mai yawa, tana kuma kame kalsiyam da magnesiyam ta hana saiwa samunsu.

Don haka kafin shuka sai mu jiƙa ta, mu wanke ta da ruwa mai kyau sau biyu ko uku. In da hali, mu bar ta ta kwana cikin ruwan da aka narkar da takin kalsiyam naitiret, sa'an nan mu ɗauraye.

Ban ruwa

Babban kuskurenmu shi ne, da zarar mun ga tsiro ya yi yaushi sai mu ƙara masa ruwa. Amma yaushi iri biyu ne. Akwai na ƙishirwa, akwai kuma na saiwar da ta nutse ta rasa iska ta soma ruɓewa. A ido kamanninsu ɗaya, maganinsu kuwa ya saba wa juna. Ga yadda za mu bambanta:

1. Mu ɗaga farantin. In yana da nauyi, ruwa ya isa. In ya yi sakayau, lokacin ban ruwa ya yi.
2. Mu dubi launin dusar. Jiƙaƙƙiya tana da duhu, busasshiya tana yin haske. Sai dai sama yakan bushe alhali ƙasa na jiƙe, don haka mu taɓa da yatsa.
3. Mu zare tsiro guda mu duba. Saiwa mai lafiya fara ce. Wadda ta yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, ruwa ne ya yi mata yawa.

In muka ga kara ya sirance a gindi, tsiro ya faɗi kamar an yanke shi, cutar fumfuna ce wadda laima da rashin iska ke haifarwa. Wanda ya faɗi ba ya tashi. Mu cire shi, mu rage ruwa, mu buɗe taga. Mu riƙa ban ruwa da safe, kada mu bar faranti zaune cikin ruwan da ya tsiyaye. Da hunturu kuwa dusa takan bushe da sauri, sai mu duba ta safe da yamma.

Taki

Ganye biyu na farko guzuri ne da ƙwayar iri ta zo da shi. Sa'ad da ganyen ainihi ya ɓullo, guzuri ya kusa ƙarewa, daga nan abincin tsiro yana hannunmu. Mu yi amfani da taki mai narkewa a ruwa, mu soma da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin leda, mu ƙara a hankali zuwa rabi. Kada mu barbaɗa ƙwayoyin yuriya a faranti, za su ƙone saiwa. Kada kuma mu zuba toka, gama za ta ƙara fotashiyam a inda ya riga ya yi yawa.

Ganye yakan faɗa mana abin da ke damunsa:

1. Ganyen ƙasa ya yi rawaya gaba ɗaya, girma ya tsaya: yunwar naitirojin ce.
2. Tsohon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna kore: magnesiyam ya gaza.
3. Sabon ganye ya murɗe, bakinsa ya ƙone: kalsiyam ya gaza.
4. Gefen ganye ya ƙone, farin gari ya fito a kan dusa: gishiri ya taru. A nan ƙarin taki guba ne. Mu zuba ruwa zalla har ya tsiyaye sosai ta ƙasa. In ruwan rijiyarmu yana da gishiri, mu nemi wani.
5. Kara ya yi tsawo siriri, yana karkata wajen taga: ba yunwa ba ce, haske ne ya yi kaɗan.

Kammalawa

Ƙa'idarmu ita ce mu bincika kafin mu zuba kome. Mu ɗaga faranti, mu duba saiwa, sa'an nan mu dubi ganye, domin saiwar da ta ruɓe ba ta cin taki ko da an ba ta. Mu gyara abu ɗaya kawai a lokaci guda, mu jira kwana uku ko huɗu, mu lura da sabon ganye, gama tsohon da ya lalace ba ya komawa kore. In mun kiyaye wannan, tumatir zai isa dasawa cikin mako 3 zuwa 4, attarugu da tattasai kuwa cikin mako 5 zuwa 6. Kafin mu kai su gona, mu riƙa fitar da su waje kaɗan-kaɗan har kwana bakwai domin su saba da rana da iska.